Ranar da Iya Falmata ta Tsallaka Inna

Ranar Laraba ce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a tsakiyar bazarar shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Mu uku ne a zauren gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Babura da Kanya Babba. Akwai Baffa Dauda, yayan mahaifina, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar Baba. Akwai Goggo Rabi, ƙanwarsu, tana tsaye a bakin ƙofar ciki. Sai ni, da na sauka daga motar Kano ko takalmi ban kwance ba. Shekarata ashirin da bakwai, ina fassara labarai ina karanta su a gidan rediyo a Kaduna, kuma aikin ya saba mini da duban agogo. Wasiƙa ce mai layi biyu ta kira ni gida: Innarka ba lafiya, ka zo ka gan ta.

Goggo ce ta fara magana.

"To, mai labaran duniya, ka gama ba mu na Amurka da Rasha? Shigo ka ga na gidanku."

Baffa ya ce, "Rabi, bar shi ya sha ruwa mana."

"Zai sha, Yaya. Ya fara ganinta tukuna, don kada ya ce mun ƙara wa miya gishiri."

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin cewa wata mayya ta taɓa kama kakarku, Allah ya kuɓutar da ita. Haka ake faɗa a dangi, ni kuma ban taɓa gyara muku ba. Yau zan gyara, kuma zan faɗi wurin da na tsaya a cikin maganar.

Da ƙaramar sallah na bar Inna mace ce cikakkiya, mai jiki, mai nauyin baki. Wadda na tarar a gindin darbejiyar tsakar gida ban gane ta ba sai da ta motsa. Tana zaune a kan tabarma da ɗaurin ƙirji, tana ɗibar ruwa da moɗa tana kwara wa kanta, ruwan yana bin ramukan da suka fito a kafaɗunta. Hannunta yana rawa, rabin ruwan a ƙasa yake zuba. Daga inda na durƙusa ina ganin jijiyar wuyanta tana bugawa da sauri kamar ta wanda ya yi gudu. Amma idanun su suka fi tsaya mini. Sun firfito, farin ya bayyana har saman baƙin, kuma ba ta cika ƙiftawa ba. Idan ta dube ka sai ka ga kamar wani abu take kallo a bayanka. Sau biyu na waiwaya.

Ni ne ɗanta na fari, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, saboda kunya. "Wannan" take ce mini, ko "ɗan gidan nan". Ranar ta dube ni ta ce:

"Habu, yunwa nake ji. Ka ce su ƙaro mini."

A gabanta akwai akushi, an cinye shi tas. Goggo ta ce wannan ne na uku tun safe, ban da fura. Aka kawo na huɗu, na zauna ina kallo ta cinye shi hannu baka, hannu ƙwarya. Da ta gama ta dafa cikinta, ta ce da ni a hankali:

"Kamar akwai wani a ciki yana karɓewa. Ina haɗiyewa, ba ya iso ni."

Shekarar ta fari ce. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara, makiyaya suna sayar da shanu a wulaƙance a kasuwar Babura, mutanen tsallaken iyaka kuma suna gangarowa da jakuna da yara. Kowa ya rame a garin. Amma kowa ya san ramar yunwa, kuma ba ita ce wannan ba. Mutum ɗaya ce a ƙauyen take ƙara jiki a shekarar, kuma katanga ɗaya ce tsakaninta da Inna.

Sunanta Falmata, ni kuma Iya nake ce mata. Babarbariya ce, iyayenta sun zo daga gabas tun tana goye. Shekara ɗaya aka kawo su aure ita da Inna, gida kusa da gida, suka ƙulla ƙawance irin wanda ko gishiri ɗaya ta saya sai ta raba biyu. Da aka haife ni Inna ta kamu da ciwon nono, Iya kuma tana shayar da 'yarta Yagana, sai ta haɗa mu ta shayar da ni wata bakwai. Abin da kunya ta hana Inna yi mini a fili, Iya ce ta yi. Ita ta goya ni, ita take kiran sunana da ƙarfi ta kan katanga, ita ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a tsumma ranar da aka kai ni makaranta Kazaure. Mijinta ya rasu, tana riƙe da kanta da sayar da koko da ƙosai.

Washegari da hantsi na shiga gaishe ta. Rana ta riga ta yi zafin da kaji suke buɗe baki. Na same ta a tsakiyar ranar, ta jingina da bango, ta lulluɓa da gwado har wuya. Fuskarta ta cika ta yi suntum, fatar ido ta kumbura har idanun sun zama 'yan tsaga. Gefen girarta ya zube. Fatarta ta bushe ta yi fari kamar an barbaɗa toka. Na durƙusa na ce, "Iya, ina kwana?" Ba ta amsa ba. A rediyo shirun daƙiƙa uku ma laifi ne, don haka kunnena ya iya auna shiru. Na ƙirga bakwai. Sa'an nan amsa ta fito, da wata murya mai kauri, kamar ta namiji yana magana daga cikin rijiya.

"Lafiya lau, ɗana. Ka zo."

Yagana ta zo jinya daga gidan mijinta a wani ƙauye wajen Gwiwa. Ta raka ni ƙofa ta ce mini loma uku Iya take yi a wuni, wani lokaci biyu, amma zannuwanta sun daina zagaye ta. Ta ce takan yi barci a zaune, da rana tsaka, da magana a bakinta. Ban yarda da maita ba a lokacin, kuma ban yarda da ita yau ba. Amma tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, da na fito daga gidan nan tsigar jikina a tashe take.

Da azahar muka sake zama a zaure. Goggo ta kwance bakin zanenta ta ajiye abu biyu a kan buzun Baffa. Awarwaro ne na tagulla, iri ɗaya, waɗanda Inna da Iya suka saya rana ɗaya a kasuwar Babura shekaru da yawa. Ɗaya lafiyarsa lau. Ɗayan a yanke yake.

"Wannan na uwarka ne, da kansa ya zame ya faɗi a cikin turmi. Wannan na waccan ne, ya nutse a cikin nama sai da maƙeri ya zo ya datse shi. Sati ɗaya aka yi abin nan biyu. Ɗaya tana ci ba ta ƙiba, ɗaya tana ƙiba ba ta ci. Ɗaya tana kukan zafi, ɗaya tana kukan sanyi. Kai da ka yi boko, haɗa mini."

Baffa ya ce an ɗauko wani mai magani daga wajen Roni, ya yi turare, ya ce kurwar Inna tana hannun wata mace da ta san ƙofar ɗakinta. Bai faɗi suna ba, kuma ba wanda ya tambaye shi. Mutanen gari sun riga sun tara sauran shaidu. Muryar Iya ta canja. Tana barcin rana, wato lokacin da take fita ke nan. Aminiyarta tana kwance wata biyu amma sau ɗaya ta leƙo. In an yi mata magana sai ta yi shiru tana auna abin da za ta faɗa. Abin da ya rage shi ne abin da aka saba: a kwantar da mara lafiya, wadda ake zargi ta tsallaka ta sau uku, ta kuskure baki a ƙoƙo a ba ta ta sha.

Na ce ni ba wannan ya kawo ni ba, asibitin Kano zan kai ta, ranar Asabar akwai mota.

Baffa ya ce, "Ba a fita da ita daga gidan nan kurwarta tana hannun wata. Gawa za ka kai Kano."

Na yi ta bayani da irin Hausar da nake karanta labarai da ita. Na ce Iya ma ba ta da lafiya, kowa ya gan ta ya san haka. Na ce mace ce da ba ta iya ɗaga ƙafa ta je rijiya, ina ta ga ƙarfin kama wani. Goggo ta bar ni na kai aya.

"Da ma wa zai tsaya mata in ba kai ba? Abin nan ai a nono ake shan sa."

Baffa ya ce, "Rabi!" Amma bai ce ƙarya take yi ba. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, can ya ce maganar ta riga ta fita waje. A bakin masallaci an fara tambayar wane ne ya sha nonon Falmata ban da 'yarta. A lokacin an riga an sa ranar aurena da mahaifiyarku, 'yar Kazaure, kuma daga ƙauyenmu zuwa Kazaure magana ba ta kwana biyu a hanya.

"In wasu suka je kiran Falmata, jan ta za su yi," in ji Baffa. "In kai ka je, da ƙafarta za ta zo. Kuma duk wanda ya ga kai ka kawo ta, bakinsa ya rufu a kanka."

Ga lissafin da na yi, kuma na yi shi da hankalina a kwance. Taku uku ne. Ba duka, ba jini, ba zai ci minti biyar ba. Abu ne da ba shi da wani tasiri, don haka ba zai cuci kowa ba. Idan an yi, Baffa zai ba ni Inna in kai ta inda za a duba ta. Na ɗauka na fi su wayo, zan biya su da abin banza in karɓi abin kirki. Maganar Kazaure kuwa ban sa ta a lissafin da na gaya wa kaina ba, amma ita ce ta tashe ni tsaye.

Ranar Juma'a da safe na shiga gidan. Yagana tana daka, Iya tana wurinta na jiya a cikin rana. Na gaishe ta, na jira amsa, sa'an nan na ce:

"Iya, an ce ki zo ki tsallaka Inna."

Taɓarya ta tsaya. Yagana ta jingina ta da turmi ta zo ta tsaya a kaina.

"Habu, kunnenka ya ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Na san ba komai ba ne. Don dai a bar ni in kai Inna asibiti."

"Ba komai ba ne? Kai gobe kana Kano, jibi kana Kaduna kana gaishe da duniya a akwatin rediyo. Ita a ina za ta kwana? Ni da na sha nonon nan shekara biyu fa? 'Ya'yana da suka sha nawa fa? Ko kai naka wata bakwai ne, ya wanke?"

Iya ta ɗago kai a hankali, kamar mai ɗauke da tulu.

"Kai ma ka yarda, ɗana?"

"Ban yarda ba, Iya."

"To me ya kawo ka?"

Ta daɗe tana dubana ta tsagar idanun nan. Da ta sake magana, abin da ta faɗa ya fi zagi ciwo.

"Ni ma ban san abin da ya same ni ba. Ina zaune sai in ga la'asar ta yi, ban san inda na je ba. Ina taɓa fuskata in ji ba tawa ba ce. In ni ce, Allah ya sani ban sani ba. In zai sa Innarka Hajara ta tashi, ɗauko mini takalmina."

Ni na ɗauko mata takalman. Ba su shige ta ba, sai ta tafi ba takalmi.

Tsakar gidanmu ta cika, har kan katanga akwai mutane, amma ba ka jin ko tari. An shimfiɗa tabarma a tsakiya an kwantar da Inna rigingine, Goggo tana danne mata kafaɗa don ba ta iya kwanciya wuri ɗaya. Idanunta a buɗe suke ga rana. Da ta ga wadda na shigo da ita sai ta yunƙura.

"Falmata? Me kuke yi haka? Falmata ce fa!"

Goggo ta ce, "Kwanta, mun san ita ce."

Aka ce sai Iya ta ajiye gwadon. Ta ajiye. A cikin zafin nan da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, ta tsaya tana karkarwa. Ta zo gefen tabarma ta yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Wani daga kan katanga ya ce, "Ba ta son saki." Sai na matsa na riƙe mata damtse. Inna ta miƙo hannu ta cafke ɗayan hannuna. Hannun Inna zafi rau, jiƙe da gumi. Damtsen Iya sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na tsaya a tsakaninsu ina jin duka biyun a jikina, kuma na rantse muku a wannan daƙiƙa na kusa yarda cewa wani abu yana bi ta cikina daga ɗaya zuwa ɗaya. Da ƙarfina ta tsallaka na farko, da na biyu, da na uku. Aka miƙo ƙoƙo, ta kuskure baki ta zuba. Inna kullum cikin ƙishirwa take, ta shanye. Mutane suka sauke numfashi gaba ɗaya. Yagana ta ratsa su ta ɗauki gwadon ta lulluɓe uwarta, suka fita, aka dare musu hanya fiye da yadda suke bukata.

Ranar Asabar muka tafi Kano. Likitan da ya duba Inna wani dattijo ne ɗan Indiya. Bai yi minti goma ba. Ya dubi idanunta, ya sa ta miƙa hannaye ya ɗora takarda a kai, takardar ta yi ta rawa. Ya ƙirga bugun jininta. Ya ce ta cire dutsen wuyanta, ya ba ta ruwa ta haɗiya yana kallon maƙogwaronta, sai ga wani ɗan kumburi ya hau ya sauka. Mu maƙoƙon da muka sani shi ne wanda yake fitowa kamar ƙwarya, kuma ba mu taɓa haɗa shi da rama ba. Ya yi mini bayani da Turanci, ni kuma na mayar wa Inna da Hausa kamar haka. A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka, aikinta kamar na mai zuga a maƙera. Ita take ƙayyade saurin da jiki yake ƙona abincin da aka ci. Tata ta ɗauki zuga ba tsayawa, wuta ta yi yawa, gawayi ba ya isa. Shi ya sa take ci ba ta ƙoshi, shi ya sa zafi da gumi da rawar hannu da bugun zuciya, kuma da abinci ya ƙare sai jikin ya koma cin kansa.

Inna ta ce, "Ashe da gaske akwai mai karɓewa."

Aka kwantar da ita sati uku, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi. Muka ƙara wasu makonni a gidan wani ɗan'uwa a birni. Rawar hannu ta ragu, barci ya dawo, akushi ɗaya ya fara isar ta. Da ruwan farko ya sauka na mayar da ita gida da kumatunta.

Nan ne lissafina ya rushe. Gari ya fito kallonta, kuma ba wanda ya tambayi sunan asibitin. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ka ga aikin tsallake?" Na fito da kwalbar magani ina nuna wa mutane ɗaya ɗaya. Baffa ya karɓa ya jijjiga ta a kunnensa, ya miƙo mini.

"Ba mu raina ƙwaya ba. Amma da ba a saki kurwa ba, a jikin wa za ta yi aiki?"

Duk lokacin da muke Kano mutane jira suke yi su ga abin da zai faru. Da Inna ta mutu, wataƙila da an ce an zalunci Falmata. Da ta warke, sai hukunci ya tabbata. Duk tsokar da ta dawo jikin Inna shaida ce a kan Iya. Ƙosan da Yagana take soya mata ya daina fita. A rijiya mata suna janye gugansu. Uwaye suna sa wa yara tafarnuwa a wuya kafin su bi ta ƙofar gidan. Inna ta saɓa wa Baffa ta je da kanta, ta yi sallama sau uku, ba a buɗe mata ba. Bayan kwana goma Yagana ta ɗora uwarta a kan amalanke suka nufi Gwiwa. Ni ina Kaduna a lokacin.

Da kaka na sake kai Inna Kano don a duba ta. Muna zaune a kan benci a layi, sai na ji wata murya a bayana tana amsa tambayar ma'aikaciyar jinya. Murya mai kauri, kuma sai da aka yi shiru mai tsawo kafin ta fito. Ban so waiwayawa ba. Da na waiwaya, sai ga wata mata da ban taɓa gani ba, lulluɓe da bargo, fuska a cike, ido a tsage, gefen gira a zube. Inna ma ta gan ta. Ta kama rigata.

Da muka shiga na tambayi likitan abin da yake damun matar. Ya ce tsokar nan ce dai ta wuya, amma ita tata zugar ce ta mutu. Wuta ta yi ƙasa, jiki ba ya ƙona ko ɗan abin da aka ci, ruwa yana taruwa a fata, ga sanyi, ga barci, ga nauyin tunani da na harshe. Na kwatanta masa Iya tun daga gira har tafin ƙafa. Ya ce ba zai yanke ba sai ya gan ta, amma in haka ne, nata ya fi na Inna sauƙin magani, ƙwaya ɗaya ce kullum da safe. Ya ce in kawo ta, kuma kada in bari sanyi ya shigo.

A mota Inna ta ce mini, "Gobe za ka je."

Na ce to. Ban je ba. Saura sati bakwai bikina, kuma na san in aka gan ni na ɗauko Falmata daga Gwiwa na ratsa da ita ta Kazaure zuwa Kano, maganar nonon da na binne za ta tashi. Na ce wa kaina wadda ta yi shekara da ciwo, sati bakwai ba zai ƙara mata komai ba. Aka ɗaura aure, aka yi biki, aka kai amarya. Kwana biyu bayan haka na ari babur na kama hanyar Gwiwa. Sanyi ya riga ya shigo.

Na sami gidan da tambaya. Dangin mijin Yagana ba su yarda Iya ta zauna a cikin gida ba, sai aka yi mata bukka a bayan danga. Bukkar na fara gani, an rufe ƙofarta da zana an tokare da itace. Yagana ta fito da goyo a bayanta. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin.

"Ango. Ka zo ta sake tsallakawa ne?"

Na ce na zo in kai Iya asibiti, akwai maganin ciwonta.

"Yau kwana tara. Ta kwanta ranar Lahadi, muna tashe ta tana buɗe ido tana rufewa. Ranar Talata ba ta buɗe ba. Mutum shida suka yi mata salla."

Na tsaya a wurin na gaya mata duk abin da likita ya ce, da maganar zuga, da matar da na gani a layi. Ban san dalilin da ya sa na ga kamar bayanin zai yi mata amfani ba. Ta saurara har na gama.

"To ka faɗa mini. Ni da ma na san uwata. Je ka faɗa wa waɗanda suka hau katanga."

Ba likitan da ya taɓa duba Iya, don haka ba zan rantse muku a kan sunan ciwonta ba. Abin da na gani na faɗa, kuma a shekarun da suka biyo baya na ga irinta da yawa sun sha ƙwaya sun tashi. Ku 'yan matan gidan nan ku lura da wuyanku, don an ce ciwon yakan bi jini. Na gaya wa Baffa abin da na gano, ya ce magana ta riga ta kwanta, kada in tone ta. Daga baya na shirya wani shiri a rediyo a kan maƙoƙo, na yi bayanin rama da kumburi dalla-dalla, aka yaba. Ban ambaci maita a ciki ba. Ban kuma taɓa tsayawa a bakin masallacin ƙauyenmu na ce an yi wa Falmata ƙazafi kuma ni na kai saƙon ba. Kusan duk waɗanda suka halarta ranar sun mutu da abin da suka yarda da shi.

Inna ta rayu shekara goma sha tara bayan haka. 'Ya'yan Yagana mata uku ne, kuma ba wadda ta sami miji a yankin, sai can cikin Nijar aka aurar da su. Yagana tana da rai a lokacin da nake wannan rubutu. Sau huɗu na je ƙofar gidanta. Takan aiko da tabarma da ruwa, ba ta fitowa.